Ƙararrawa da Yarinyar Asibiti

A danginmu akwai tambayar da kowa ya san ba a yi wa ƙanwar mijina, sai in mutum ya ci ya ƙoshi, ya yi salla, kuma ba inda za shi. Tambayar ita ce, "Yaya jiki?" Kowa in an tambaye shi sai ya ce da sauƙi, a wuce wurin. Ita kuwa sai ta ajiye almakashi, ta gyara zama, ta ce, "Yauwa, gara da kika tambaya." Daga nan ta faro daga tsakar ka, inda take jin kamar ana buga ƙusa, ta gangaro wuya, ta tsaya a kafaɗar hagu ta yi bayani, ta wuce ƙugu. Kafin ta kai gwiwa shayin mai tambaya ya huce. Na taɓa ganin mai kawo mata yadi ya yi kuskuren tambayar yana tsaye da kaya a ka. Bawan Allah nan sai da ya sauke kayan ya zauna a kai.

Ƙararrawa muke ce mata. Sunan tun tana firamare ne. Ranar da ƙarfen da ake bugawa a tashi ya ɓace, malamai suka tsayar da ita a baranda ta yi kira, har 'yan makarantar da ke tsallaken titi suka kwashe jakunkuna suka tafi gida. Su uku iyayensu suka haifa. Yaya shi ne babba, sai maigidana, Allah ya jiƙansa, sai ita auta. Maigidana yakan ce maganar da aka tanadar wa gidansu ita ta zo daga baya ta kwashe duka, shi ya sa shi da Yaya sai su wuni tare ba ka jin komai sai ƙarar cokali a kofi.

Ɗinkin labule take yi, da rigar katifa da ta kujera, a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar wani dogon bene a hanyar tasha. Shagon in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje, amma duk tagar da ke layin nan ita ta rufa mata asiri. In ta zo gidanki gaisuwa, bakinta yana gaisuwa idonta yana auna taga. Mijinta mai gyaran famfo ne, mutumin kirki, kunnensa ya yi nauyi tun da ƙuruciya, kuma dangi sun haɗu a kan cewa wannan aure Allah ne ya haɗa shi da hikimarsa. Ni har yau Amarya take ce mini, ga jikokina sun fara tsawo. Lokacin da nake takaba kullum sai ta zo da ɗinkin hannu ta zauna a bakin gadona, ta yi ta ba ni labarin ƙugunta, har in rasa inda zan saka kuka. A lokacin haushi nake ji. Daga baya na gane, nake yi mata addu'a.

Abin da zan faɗa don Allah shi ne, ban taɓa ganin mace mai lafiyar Ƙararrawa ba. In ba haihuwa ba, ba ta taɓa kwana a asibiti ba. Tana saɓa bandir ɗin yadi a kafaɗar nan ta hagu ta hau bene da shi, tana hawa tana faɗin yadda kafaɗar ke ciwo.

Mai ciwon gaske Yaya ne. Direban bas ne da ya yi ritaya, matarsa ta rasu, 'ya'yansa aiki ya kai su wasu garuruwa, shi kaɗai yake zaune a saman wani tsohon bene. Yana da ciwon suga, ga wani miki a ƙasan ƙafar dama da ya ƙi rufewa. Hukumar lafiya ta birninmu tana da shirin kula da tsofaffi, ana turo nas har gida, kuma nas ɗin unguwarmu ce ke zuwa ta wanke masa ta ɗaure. Mikin har ya fara haɗuwa.

Sai aka ce tsofaffi sun yi yawa, nas-nas sun yi kaɗan. Aka kawo na'ura, irin wadda masu ilimi ke cewa ƙirƙirarriyar basira. Aikinta ta riƙa kiran tsofaffi a waya kowane mako, ta tambayi lafiyarsu, daga amsar da ta samu ta tsara wanda nas za ta je wa da wanda za a bari. An yi mata muryar yarinya mai ladabi, ba ta katse mutum, ba ta gajiya. Ranar da ta fara kira ta faɗi cewa ita na'ura ce, amma a cikin wani dogon jawabi ta faɗa, irin wanda tsoho yake ajiye waya ya je ya nemo tabarau ya dawo ba a gama ba.

Ni ke kai wa Yaya wanki da abinci ranar Juma'a. Mutum ne da ba ya son a sa masa ido, ni kuma matar ƙaninsa ce, akwai kunya tsakaninmu. Amma ido ba ya neman izini. Na ga kujerar da nas ke zama an jibga mata tsofaffin jaridu har sun yi ƙura. Na ga sallaya a ninke a kan kujerarsa, alamar a zaune yake salla. Na ga ana wannan zafi ya sa safa a ƙafa ɗaya, ya tura ƙafar ƙarƙashin tebur. Sannan ya kunna turare, shi da yake cewa turare na sa shi atishawa.

Na ce, "Yaya, nas ba ta zo ba ne wannan makon?"

Ya ce, "Ai an sallame ni, Amarya. Na warke."

Na ajiye masa wankin da abincin. Na sauko na wuce shago kai tsaye. Ƙararrawa ta ji ni har ƙarshe, abin da ba ta taɓa yi ba, ta cire fil daga baki, ta ja ƙofar shago ta datse, ko keken ɗinkin ba ta rufe ba.

Mun iso saman benen Yaya tana haki tana faɗa, sai ga waya ta yi ƙara. Yaya ya ɗaga mana hannu mu yi shiru. Ya miƙa hannu ya ɗauko hula ya sa, ya gyara wuyan riga, ya yi gyaran murya, sannan ya ɗauka. Wayarsa a buɗe take saboda kunne, duk muna ji.

Muryar ta ce, "Barka da rana, Baba. Yaya jiki?"

"Alhamdulillahi, 'yata. Da sauƙi sosai. Ya aiki? Ya mutanen gida?"

"Na gode, Baba. Akwai inda ke yi maka ciwo?"

"Babu, babu. Sai godiya."

"Ƙafar fa?"

"Ƙafa ai ta zama labari. Ke dai ki riƙa cin abinci a kan lokaci, na ji muryarki kamar kin gaji. Allah ya ba ki miji nagari."

Ƙararrawa ta yi tsalle ta fizge wayar. "Ke! Ƙarya yake! Ƙafar nan in kin gan ta sai kin kasa cin abinci!"

Muryar ta ce, "Yi haƙuri, Mama, ba ni da izinin yin maganar lafiyar Baba da wani sai shi. Ke kuma ranar Talata zan kira ki, mu ci gaba daga gwiwa."

Wallahi sai da na toshe baki da mayafi. Yaya ya karɓe wayarsa ya kashe, ya ce, "Auta, kin ba ni kunya a gaban yarinyar mutane."

"Wace yarinya? Yaya, na'ura ce! Ƙarfe ne da wayoyi!"

"Ƙarfe ne zai ce mini barka da rana? Ke da kike mutum yaushe rabon da ki ce mini?"

Ta ce a kira motar asibiti. Ya ce sai dai bayan ransa, ba za a sauko da shi a gaban maƙwabta kamar tsohuwar katifa ba. Ta ce ya cire safar. Ya ce bai cirewa. Ta yi kuka, ta yi barazanar kiran 'ya'yansa, ta ce hawan jininta ya tashi. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ta zauna ta sha ruwa.

A hanyar komawa ne Ƙararrawa ta ja ta tsaya cak a tsakiyar titi, har mai babur ya zage mu. Ta ce, "Amarya, ai ni nas tana zuwa mini!"

Ashe tun da na'urar nan ta fara kira, Ƙararrawa ta samu abin da ta daɗe tana nema a duniya, wato mai tambaya ya tsaya ya ji amsa. Tana jingina wayar da keke, tana ɗinki tana bayani, daga tsakar ka har ɗan yatsan ƙafa, ba mai duba agogo, ba mai cewa ya bar tukunya a wuta. Na'ura kuwa ta tattara wannan duka ta sa ta a kan gaba cikin masu tsananin ciwo. Kowane mako nas sai ta zo shago ta auna ta, ta tarar jininta ya fi nata kyau, ta sha shayi, ta tafi. Har labulen ɗakin nas ɗin an ɗinka mata.

Washegari ranar zuwan nas ce. Na je na zauna a bakin shago. Nas ɗin wata doguwar mace ce mai sanyin hali, tana tafe da jaka da 'yar kwamfutar hannu da ke nuna mata gidajen da za ta shiga. Ko zama ba ta yi ba Ƙararrawa ta ce, "Yau ciwona ba a nan yake ba, yana saman bene. Tashi mu je."

Da nas ta ji zancen Yaya sai ta dafe kai. Ta ce, "Ni ma na yi mamakin da Baba ya ɓace daga hanyata. Na faɗa a ofis, aka ce za a duba." Ta bi mu. Ita kaɗai Yaya ya yarda ta cire safar, mu kuma ya kore mu baranda. Da ta fito fuskarta ba dariya. Ta ce ta wanke ta ɗaure, amma ƙafar nan tana son wanki a kai a kai, in ba haka ba maganar yanka za a yi. Ta ce yau ta saci lokacin Mama ne, gobe kuma na'ura ta riga ta cika mata hanya da wasu gidajen, kuma kayan ɗauri ma da sunan wanda ke kan hanya ake ba ta.

Ƙararrawa ta ce, "To wa ke gaba da na'urar? Ba ta da uba ne?"

Nas ta ce, "Tana da shi. Akwai kwamitin sa ido, na ma'aikata da mutanen gari, su ke da ikon taka mata birki. Jibi za su zauna. Ai ke ma kina ciki, Mama. Likita shugabar shirin da kanta ta kira ki ta gayyace ki."

"Ni? Yaushe?"

"Ta ce ta gaishe ki, ta tambayi jiki, daga nan ba ta sake samun wurin magana ba har cajin wayarta ya ƙare."

Ranar zama Ƙararrawa ta ci ado kamar mai zuwa karɓar kyauta, ni kuma na riƙe mata jaka. Ɗakin taron yana ofishin hukumar lafiya, kujerun roba a zagaye da dogon tebur, fanka ɗaya tana juyawa tana kuka, ga babban allo irin na talabijin a bango. Tana shiga ta dubi taga ta ce mini a kunne, yadda duk ɗakin ya ji, "Dubi labulen gwamnati, ko layi, shafin ciki, ba a sa masa ba." Likita, shugabar shirin, mace ce gajera mai furfura a goshi, tana ta fama da tari. Kusa da ita Injiniya, mai kula da na'urar, wani mai sanƙo da ke share gumi da hankici. Sauran mutanen gari ne, tsofaffi irinmu. A cikinsu akwai wani Hedimasta mai ritaya da kumatunsa na dama ya kumbura suntum saboda haƙori, yana riƙe da shi da hannu.

Injiniya ya kunna allo. Taswirar unguwanninmu ta fito, an yayyafa mata ɗige-ɗige kore shar. Ya ce kowane ɗigo tsoho ne, kore kuma yana nufin ya samu sauƙi. A can gefe, kusa da tasha, ga wani ɗigo ja wur, ya fi sauran girma.

Ƙararrawa ta ce, "Innalillahi. Wannan jan fa, wane bawan Allah ne? Yana nan da rai?"

Injiniya ya duba, ya share gumi, ya ce, "Mama, sirrin marar lafiya ne, ba na faɗa sai da izininsa."

"Kusa da shagona ne fa, dole in je dubiya!"

Likita ta ce, "Mama, in kin ba da izini sai a faɗa."

Sai a lokacin ta gane ita ce. Ɗakin ya ɗauki dariya, Hedimasta yana dariya yana cewa wayyo. Ita kuwa ko a jikinta, ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "To ai gaskiya na'urar ta faɗa. Ku da kuka raina ciwona."

Likita ta buga tebur a hankali. Ta ce koren nan shi ya hana ta sukuni, shi ya sa ta matsa a yi zaman. Ta ce ta daɗe tana aikin asibiti, ba ta taɓa ganin tsofaffin gari guda sun warke a tare ba, kamar an yi musu ruwan magani daga sama. Manya a sama sun ga kore sun yi murna har suna maganar a kai shirin wasu birane, ita kuma ta ce ba ta sa hannu sai mutanen da ake kira sun zauna sun gaya mata abin da ke faruwa. Ta ce a gwada a gaban kowa. Ta dubi Hedimasta ta ce, "Malam, ga ka da ciwo a fili. Na'ura za ta kira ka yanzu, ka gaya mata gaskiya."

Ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Ni na koyar da faɗin gaskiya."

Waya ta yi ƙara a kan tebur. "Barka da hantsi, Baba. Yaya jiki?"

Hedimasta, da kumatu kamar ya ɓoye lemo a ciki, ya ce, "Alhamdulillahi, da sauƙi."

Wata tsohuwa ta zame daga kujera don dariya. Ya ɗaga hannu ya ce a sake, bakinsa ne ya riga shi. Aka sake. Ya cije, ya runtse ido, ya ce, "To, akwai ɗan haƙori, amma ba wani abu ba ne, kada ki damu kanki." Ɗigonsa ya fito a allo kore shar. Likita tana dariya tari ya sarƙe ta, har hawaye. Ƙararrawa ta miƙa mata ruwa ta ce, "Sannu, Likita. Yaya jikin?" Likita ta ce, "Da sauƙi," sannan ta ji abin da ta faɗa, ta kifa kai a tebur. Ni da ba na dariya a cikin mutane, ranar sai da cikina ya ƙulle.

Da aka lafa, Ƙararrawa ta miƙe. Na zaci daga tsakar ka za ta faro, har na gyara zama. Sai ta ce, "Ni yayana ya kawo ni. Ƙafarsa tana ruɓewa a saman bene, shi kuma kore ne a allonku. Nas ga ta nan, ta gani da idonta. Ku kira shi ku ji." Ta zauna. Ban taɓa jin ta yi magana gajera haka ba.

Likita ta kira shi da wayarta, ta gaya masa ko ita wace ce, ta ce akwai mutane a ɗakin, ko ya yarda su ji. Ya ce ba komai. Ta ce, "Baba, nas ta gaya mini halin da ƙafarka take ciki. Me ya sa ka ce wa mai kiranka ka warke?"

Ya ce, "Likita, ke ce shugabarta?"

"Ni ce."

"To don Allah kada ki ga laifinta. Yarinyar sabuwa ce a aiki. Na yi aiki a ƙarƙashin mutane, na san yadda abin yake. In aka ga marasa lafiyarta ba sa warkewa, ita za a kora. Wa ya san mutum nawa take ciyarwa? Ni ƙafa ce kawai, na gama tuƙi."

Ba wanda ya yi dariya. Sai tsohuwar da ta zame ɗazu ta ce a hankali, ita ma gajarta magana take yi don kada katin wayar yarinyar ya ƙare. Wani ya ce shi ya ji tana kiran maƙwabcinsa daidai lokacin da take kiransa, ya ce wannan aiki ya yi wa mutum ɗaya yawa, bai ƙara mata da nasa ba. Hedimasta ya sunkuyar da kai ya ce shi gaskiya yana da ɗa da ya ƙi aure, kuma ya fara yi wa yarinyar bayaninsa. Dariya ta sake ɓarkewa, Injiniya ya rufe fuska da hankici.

Likita ta ce a waya, "Baba, ba mutum ba ce. Na'ura ce."

Yaya ya ce, "Haka kuke cewa in kun riga kun kori mutum." Ya kashe wayarsa.

Aka shiga shawara, kowa na magana a lokaci guda. Injiniya ya ce zai iya ƙara wa na'urar wayo, ta riƙa zurfafa tambaya. Likita ta ce ya ƙara, amma komai wayonta ba ta ganin safa a ƙafa ɗaya. Aka daɗe ana ja. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa na'ura tana iya cewa a je a duba wane, amma ba ta da ikon cewa a daina zuwa wurin kowa, sai ma'aikacin da ya je ya gani da idonsa, kuma duk wanda ta cire a mayar da shi tun daga ranar. Hedimasta ya ƙara da cewa duk kiran da za ta yi ta fara da faɗin ita na'ura ce, ba ta cin abinci, ba a korarta, kuma ba ta neman miji. Aka ce a rubuta haka, ban da na ƙarshen.

Likita ta ce kafin a ɗaga hannu akwai abu guda. Ta ce nas-nas ba su ƙaru ba. In idon ma'aikaci ne zai yanke, to zai yanke wa ja kamar yadda zai yanke wa kore. Ta juya wajen nas ta ce, "Ke da kike zuwa shago kowane mako, me idonki ya gani?"

Nas ta dubi ƙasa, ta dubi Ƙararrawa, ta ce, "Ki gafarce ni, Mama. Likita, matar nan in aka haɗa mu tsere sai ta jira ni a gaba."

Ƙararrawa ta dafe ƙirji. "Ke! Bayan labulen da na yi miki? Da layi fa!"

Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Hannaye suka tashi, saura nata. Na san abin da ke ranta. Zuwan nas ɗin nan shi ne karo na farko a rayuwarta da hukuma ta yarda tana ciwo, har maƙwabtan shago sun fara yi mata sannu. Ta dube ni. Sai ta kama gwiwar hannun dama da hannun hagu, ta tura shi sama tana nishi, ta ce, "Ku shaida da ciwo na ɗaga shi. Amma kiran Talata kada wanda ya taɓa mini." Injiniya ya rantse ba mai taɓawa.

Tun daga washegari nas ta koma hawa benen Yaya. Ni na kwashe jaridun daga kujerarta. Makonnin farko ba ta cewa komai, sai ta ɗaure ta tafi, mu kuma muna baranda muna jan carbi, Ƙararrawa tana ja tana yi wa masu wucewa a ƙasa bayanin yadda ta juya gwamnati da hannu ɗaya, hannun ma mai ciwo. Sai wata Juma'a nas ta leƙo ta ce mu shigo. Yaya yana zaune, ƙafar a kan matashi, ya kau da kai don kunya. Mikin ya tsuke, ya yi jan nama mai kyau. Ta ce ba maganar yanka kuma, in ya kiyaye abinci zai taka ta har masallaci. Na yi hamdala a fili. Ƙararrawa ta rangaɗa guɗa, har mijinta mai gyaran famfo da ke jiranta a ƙasa ya ɗago kai, shi da ba ya jin odar mota.

Yaya ya bari ta gama, sannan ya ce wa nas, "'Yata, tsakaninki da Allah, ba korar yarinyar nan aka yi ba? Wadda ke kira yanzu muryarsu ɗaya, amma kullum sai ta ce ita na'ura ce."

Nas ta ce, "Wallahi Baba ita ce dai. Tun farko na'ura ce."

Ya daɗe yana kallon wayar a kan tebur. Ya ce, "Ikon Allah. Ga ladabi, ga haƙuri, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba." Ya juyo ya dubi ƙanwarsa sama da ƙasa. "Auta, ba za a iya kai ki wajen Injiniyan nan ya duba ki ba?"

Ta wawuri matashin da ke kusa, nas ta tare ta tana cewa a yi hankali da ƙafa, ni kuma na fita na ɗora ruwan shayi.